Ina son ɗauko yarinya daga sansanin Durumi in riƙe ta, ku ba ni shawara

Maman Sadiq, Lugbe

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana tara ina juya maganar nan a raina. Na yi istihara, na zauna da maigidana, har yanzu ban tsayar da abu ɗaya ba, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Mu goma sha huɗu ne muke adashe, yawancinmu malaman makaranta da masu ɗinki a nan Lugbe. Shekara huɗu da suka wuce muka yanke cewa ban da zubi, kowace za ta riƙa ajiye wani abu a gefe duk wata. In azumi ya matso sai mu sayi shinkafa, gero, sukari, man girki da sabulu, mu haɗa da kayan sawar da suka yi wa yaranmu kaɗan, mu kai sansanin 'yan gudun hijira na Durumi, can wajen Area 1. Mota biyu muke yi. A jera mata a layi, a raba, a yi addu'a, mu kama hanya. Sai kuma baɗi.

Bara muna tsakiyar rabo sai na ji an ja mini gefen hijabi. Yarinya ce siririya, faranti a hannu. Na ɗauka roƙo za ta yi, har na fara laluben jaka. Sai ta ce, "Anti, akwai tsofaffi a cikin bukkoki da ba sa iya fitowa layi, duk shekara ba sa samu." Wallahi shekara uku muna zuwa, ba wadda ta taɓa tunanin haka a cikinmu. Ita ta shiga gaba, ta kai ni bukka bakwai ɗaya bayan ɗaya, ta san sunan kowace tsohuwa da abin da ke damunta. Bukkar kakarta ce ta ƙarshe da ta kai ni.

Ba zan faɗi sunanta ba. Shekararta goma sha biyu ko kusa da haka. 'Yan Gwoza ne. Tun daga ranar nake komawa ni kaɗai, wata sau ɗaya, wata sau biyu, kuma a hankali kakar tata, Iya, ta ba ni labarinsu, ba a zama ɗaya ba. Da aka shiga Gwoza a watan Agustan 2014 aka kashe ɗanta, uban yarinyar. Ita da surukarta suka fito da jaririyar a goye, suka bi ta Madagali har Mubi, suka samu wani ɗaki suka raɓa. Ƙarshen Oktoba Mubi ma ta faɗi. Ran da abin ya faru uwar ta fita kasuwa da safe, ta bar 'yar a hannun Iya. Da harbi ya tashi Iya ta jira, ta jira, har maƙwabta suka ja ta. Da ƙafa suka yi yawancin tafiyar kafin su samu motar Yola, daga baya wata babbar mota ta kawo su Abuja wajen mutanen garinsu. Tun ranar ba a ga uwar ba, ba a kuma ji labarin mutuwarta ba.

Yanzu Iya gwiwa ta ƙi, ido ɗaya ya yi yana. Yarinyar ce ke ɗebo ruwa, ita ke girki, ita ke tallar gyaɗa da ruwan leda a bakin titi har bayan magariba. Makaranta kuwa, akwai ajin da masu sa kai ke koyarwa, takan je in an samu na abinci jiya, in ba a samu ba sai talla. Ni malamar firamare ce, na gwada ta da kaina. Karatunta na 'yar aji uku ne, amma lissafin kuɗi da baki ta fi ɗana ɗan aji shida sauri.

'Ya'yana uku duk maza ne, babban shekararsa goma sha biyar. Muna da ɗaki da ba kowa a ciki. Maigidana ya ce ya yarda, in dai an bi ta hanyar da ta dace. Asabar ɗin da ta wuce waccan na tattara ƙarfin hali na ce wa Iya ta ba ni ita in riƙe, in sa ta makarantar da nake koyarwa, in riƙa kawo ta duk mako, ita kuma in ɗauki nauyin abincinta. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "'Yata, je ki yi shawara, ni ma zan yi. Amma in uwarta ta zo ba ta same ta ba, me zan ce mata?"

Wannan tambayar ce ta hana ni barci. Fiye da shekara goma, tsohuwar nan tana zaune tana jiran surukarta ta ɗaga labulen buhu ta yi sallama.

To abin da nake tambaya biyu ne. Na farko, ɗauko yarinyar nan taimako ne, ko son zuciyata ne don ba ni da 'ya mace? Ina so a gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Na biyu, bana kuɗin ƙungiyarmu ya kai naira 780,000. Wasu sun ce a sayi shinkafa yadda aka saba, wasu sun ce a canza. Wanda ya san aikin nan ya haska mana.

Hajiya Inna, Kubwa

Wa alaikumus salam 'yata. Ki ɗauke ta, kada ki bari Shaiɗan ya sanyaya miki gwiwa.

Yara huɗu na riƙe a gidan nan ban da nawa, biyu daga cikinsu rikicin Yobe ne ya maraita su. Ɗaya tana ɗakin mijinta da 'ya'ya biyu, ɗaya yana jami'a. Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ni kaina a hannun gwaggona na tashi. Ɗa na kowa ne.

Abin da nake so ki kalla shi ne shekarunta. Yarinya 'yar goma sha biyu da faranti a bakin titi bayan magariba, ba uba, ba wa, kaka ba ta gani sosai. Ni da ke mun san irin mazan da ke tsayar da mota su ce za su saye gyaɗar duka. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Nan da shekara biyu in ba a yi wani abu ba, ko dai a aurar da ita ga wanda ya kawo buhun masara, ko a wayi gari da abin da ba a so. Lokacin ba shawarar da za ta yi amfani.

Amma ki ji sharaɗi. Kwano ɗaya da 'ya'yanki. Ɗinkin Sallah iri ɗaya, rana ɗaya. Don ita ce mace kada wanke-wanke da shara su koma kanta samarinki suna kallon ƙwallo. In baƙi sun zo kada ki ce "ita ce 'yar gudun hijirar da na ɗauko", ki ce 'yata ce. In kin san ba za ki iya waɗannan ba, ki bar ta inda take. In kuma Allah ya hore muku, ki haɗa da tsohuwar ki kama musu ɗaki kusa da ke, shi ke nan an huta.

Ɗan Gangare, Jos

Hajiya Inna, Allah ya saka miki da Aljanna, da kowa irinki ne da ban ce komai ba. Amma Yaya Maman Sadiq ta ce a faɗa mata gaskiya, ni kuma ni ne yaron da aka ɗauka, don haka bari in yi magana ta ɓangaren yaron.

Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 rikicin Jos ya tashi ina ɗan shekara tara. Babanmu ya fita bai dawo ba. Gidan da muke haya ya ƙone. Mun yi kwanaki a bariki muna kwana a ƙasa, ni da innarmu da yayata da ƙanina na goye. Bayan an lafa, mutanen kirki suka zo, kuma da gaske mutanen kirki ne. Wani abokin cinikin babanmu ya ce a ba shi ni, ya tafi da ni Bauchi. Wata mata ta ɗauki yayata zuwa Kano. Innarmu ba ta da ko tabarma, da wane baki za ta ce a'a?

Ba a taɓa dukana a gidan ba. Na ci na ƙoshi, an sa ni makaranta mai kyau, da ita nake cin abinci yau. Amma shekara biyu ina fitsarin kwance, abin da na daina tun ina ɗan uku. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai in shige ƙarƙashin gado. Mutanen gidan suka ɗauka iskoki ne, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Ba wanda ya gane cewa ni dai so nake in kwanta kusa da innata in ji numfashinta, in tabbatar ita ma ba ta fita ta ƙi dawowa ba. Kuma ba na iya faɗa, don kullum ana tuna mini irin sa'ar da na yi. Yaron da ake ce wa ya gode ba ya iya cewa yana kewar gida.

Yayata kuwa ba ta yi sa'ata ba. Wata shida na farko 'yar gida ce. Da matar ta haihu sai ta koma mai raino, daga nan aka cire ta daga boko "zuwa baɗi". Baɗin bai zo ba. Ba na zargin matar da mugun nufi tun farko, haka abin ke zamewa a hankali, musamman ga mace.

Abin da na daɗe ina lissafawa shi ne wannan. Kuɗin da aka kashe a kaina a Bauchi, da rabinsa aka ba innarmu ta kama ɗaki ta ci gaba da tuyar ƙosanta, da mu uku mun tashi a gabanta. Ƙanina da ya zauna da ita a ɗakin ara ya sha wuya fiye da ni, amma shi ya san ta. Ni sai da na girma nake koyon yadda ake hira da uwata.

Yaya, ki duba yarinyar nan da kyau. Ke kika ce ta san tsofaffi bakwai da ciwon kowace. Tana da mutane a wurin nan, tana da yaren da take yi da kakarta, tana da waɗanda suka san babanta da kakanta. Mutanen Gwoza yarukansu daban ne, in ta shekara uku a Lugbe Hausa da Turanci za su cinye nata. Sannan in kin ɗauke ta, wa zai ɗebo wa Iya ruwa? Ita yarinyar za ta kwanta a katifarki tana wannan tunanin, ko ba ta faɗa miki ba.

Ban ce Hajiya ba ta da gaskiya kan talla ba. Tana da ita ɗari bisa ɗari. A cire farantin daga kanta gobe-goben nan. Amma ana iya sauke faranti ba a raba ta da kakarta ba. Yanzu haka a nan Jos muna koyar da wasu yara da rikicin Mangu da Bokkos na 2023 ya koro, Musulmi da Kirista, kuma waɗanda ke hannun uwa ko kaka, ko a ɗaki ɗaya suke cunkushe, sun fi saurin dawowa hayyacinsu a aji. Abin da idona ya gani ke nan.

Tambaya ɗaya: ita yarinyar, kin tambaye ta?

Maman Sadiq, Lugbe

Ban tambaye ta ba. Na tambayi maigidana, na tambayi Iya, na tambaye ku. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na karanta saƙonka sau uku, ƙanina.

Anti Nas, Gwarimpa

Maman Sadiq sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara shida a Maiduguri da wata ƙungiyar agaji kafin in dawo Abuja. Zan fara da abin da ya fi tsaya mini a labarinki, wato uwar.

Kada ki ɗauka jiran da Iya ke yi ruɗun tsufa ne. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce kusan mutum 22,000 aka yi wa rajista a wurinta a matsayin waɗanda suka ɓata a Najeriya, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari yara ne lokacin da suka ɓace. A wancan lokacin ba ƙasar da ta kai mu yawa a rajistarsu. Mutanen da suka watse daga Gwoza da Mubi a 2014 wasu sun tsallaka Kamaru, da yawa suna sansanin Minawao, wasu an tsare su a daji shekaru kafin su kuɓuto. Red Cross ta Najeriya da ta duniya suna da sashen neman dangi da haɗa su, kuma kyauta ne. Za a tambayi cikakken sunan matar, sunan iyayenta, unguwarsu, inda aka rabu da ranar, da wata alama a jiki in akwai. Ba na miki alkawarin za a same ta. Na ga waɗanda aka haɗa bayan shekaru, na ga waɗanda har yau shiru. Amma ki tambayi Iya ko an taɓa cike mata takardar nan. Tsofaffi da yawa ba su san da ita ba, kuma bayanan nan a kan Iya kaɗai suke. In ta faɗi yau, sunan kakannin yarinyar na wajen uwa ya tafi da ita.

Na biyu, in ma daga baya kun daidaita kan riƙo, kada a yi shi da baki. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 tana aiki a Abuja, kuma riƙon yaron da ba naka ba ta ofishin walwalar jama'a da kotun iyali ake bi. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 kuma ta hana sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Waɗannan dokoki kariya ce ga yaran da ake kwasa daga sansanoni da sunan makaranta su ƙare 'yan aiki. Takardar za ta kare yarinyar, ta kare ki ke ma ran da wani kawu zai ɓullo.

Sai maganar kuɗinku. Ba na raina shinkafa, mai jin yunwa ba ya karatu. Amma azumi ne lokacin da kowa ke kai abinci sansani. Ki je a watan Yuli ko Agusta, ruwa na zuba ta rufin leda, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, ki ga ko za ki samu mota ɗaya ta masu rabo. Da ni ce, zan raba kuɗin gida uku. Kaso mafi girma a zaɓi yara kaɗan, ko takwas ko goma, a tsaya musu har su gama ƙaramar sakandare. Dokar 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne a makarantun gwamnati, amma ke malama ce kin san abin da ke korar yaro: yunifom, takalmi, littattafai, kuɗin mota, ƙananan kuɗaɗen da ake ce a kawo, ga 'yan mata kuma audugar al'ada. Ku biya kai tsaye ku karɓi rasit. Ku yi musu takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya, yawancin yaran da aka fito da su a guje ba su da ita, kuma za a neme ta a gaba. Kaso na biyu ya tafi ga uwa ko kakar kowane yaro, don in ba a maye kuɗin talla da wani abu ba, ranar Litinin za ta je makaranta, ranar Laraba ta koma titi. Na uku ku ajiye na asibiti.

In kun je, ku ɗan duba ƙananan ma. Akwai ɗan ma'aunin da ake naɗawa a dantsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko kuka ga ƙafafu biyu sun kumbura, tamowa ce mai tsanani, asibiti za a kai shi ranar, ba kunu za a ƙara masa ba.

Wani abu da na koya a Maiduguri. Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantarsa ta marayu a 2007. Da rikici ya zo ya riƙa karɓar 'ya'yan waɗanda aka kashe ta kowane ɓangare, ɗan soja da ɗan wanda ya ɗauki makami a benci ɗaya, ga abinci ga yunifom ga magani. Bai tsaya kan yaran ba, ya haɗa iyayensu mata da suka rasa mazaje ya taimaka musu da sana'a. A 2017 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Abin da ya sa aikinsa ya ɗore shi ne kullum yana nan, shekara da shekaru.

Roƙo na ƙarshe: ku daina ɗaukar yaran hoto da kaya a hannu kuna sawa a Facebook. Yarinyar nan za ta girma, za ta shiga aji da 'ya'yan mutane. Ku ɗauki hoton rasit ku tura wa junanku, ya isa shaida. Kuma kada a riƙa sa yaro ya ba da labarin yadda aka kashe ubansa don baƙi su ji. In ya so faɗa zai faɗa da kansa.

Malam Baban Hafsa, Nyanya

Allah ya karɓa, Malama. Ladan ɗaukar nauyin maraya sananne ne, Manzon Allah (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka shi da mai kula da maraya za su kasance a Aljanna. Malamai sun bayyana cewa kulawar ta haɗa da tsayawa kan ci da sha da tufafi da tarbiyya, ko a gidanka yake ko a hannun danginsa. Don haka kada ki ji kamar in ba ki ɗauko ta ba ladan ya wuce ki.

In kuma kin ɗauko ta, abu biyu. Sunan mahaifinta za ta ci gaba da amsawa, a makaranta da kowace takarda, Suratul Ahzab ta yi umarni da haka. Sannan ta wuce shekarun shayarwa, don haka ita ba muharramar maigidanki ba ce, ba kuma ta samarinki ba. Nan da ɗan lokaci za ta zama budurwa mai sa hijabi a cikin gidan da aka ce mata nata ne, tare da saurayi ɗan sha biyar. Ana iya kiyayewa, mutane na yi, amma a shiga da ido buɗe. Game da kuɗin ƙungiya, in akwai zakka a ciki ku ware ta daban ku damƙa wa mabuƙatan ta zama mallakinsu, sadakar ganin dama kuwa kuna da sarari a cikinta.

Maman Sadiq, Lugbe

'Yan'uwa na gode, Allah ya bar zumunci. Jiya na je Durumi, na ce bari in dawo muku da yadda aka yi.

Na fara da maganar Hajiya Inna, na ce wa Iya in kama musu ɗaki su biyu a Lugbe. Ta yi godiya har da hawaye, amma ta ce ba za ta iya ba. Duk wanda ya zo Abuja daga Gwoza ko Mubi ko Kamaru yana cigiyar nasa, sansanin yake fara sauka. Sau biyu a gabanta aka zo aka samu mutum a haka. Gida ma ba ta shirin komawa, ta ce tun da aka tayar da bama-bamai a Gwoza a watan Yunin 2024, har da wurin biki, ta cire rai da tafiya da yarinyar can.

Sai na ja yarinyar gefe, muka zauna a kan wani bulo, na tambaye ta yadda Ɗan Gangare ya ce. Na ce me take so. Ta ce makaranta mai yunifom. Na ce za ta zo gidana ta zauna? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, zan riƙa zuwa hutu. Iya ba ta iya kunna wuta." Na ji zafi a ƙirjina, ba zan ɓoye ba, don na riga na sayi zanen gado na ɗakin. Amma na ce mata to, hutu.

Ga inda muka tsaya. Litinin zan nemi izini a wurin aiki in kai ta makarantar gwamnati mafi kusa da su a gwada ta, ko aji huɗu aka sa ta na yarda, ranar Asabar ni zan riƙa yi mata bita. Na tambayi Iya nawa talla ke kawowa a rana, muka yi lissafi, ni da maigidana za mu riƙa ba ta wannan duk mako da sharaɗin faranti ya sauka gaba ɗaya. Hajiya Inna, maganarki ce ta sa na kafe kan wannan. Akwai wata maƙwabciyarsu, bazawara mai yara uku, ta yarda ta riƙa ɗebo ruwa da safe, mu kuma za mu sa babban ɗanta cikin yaran da ƙungiya za ta ɗauka. Matan adashenmu tara sun goyi bayan tsarin Anti Nas, biyar suna nan kan shinkafa, ranar Lahadi za mu zauna. Ina ganin za mu bar ɗan kaso na abinci, amma na tsofaffin nan bakwai, a kai musu har bukka.

Anti Nas, ba a taɓa cike wa Iya takardar Red Cross ba, ba ta ma taɓa ji ba. Na ciro littafi nan take ta faɗa mini sunan surukarta, da na babanta da innarta, da unguwarsu, da wani tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Yarinyar tana tsaye tana ji, ashe ba ta taɓa sanin tabon ba, ta sa na maimaita mata wane hannu ne. Don Allah ki turo mini ta saƙo wane ofishi zan fara zuwa, kuma ko dole sai an kai Iya da kanta, don hawa mota yana wahalar da ita. Wanda kuma ya san inda ake aikin yanar ido da sauƙin kuɗi a Abuja ya taimaka mini da bayani.